Ajin waƙa da kiɗa na jarirai: akwai amfani, ko cin kuɗi ne kawai?

Maman Hanan (Jidda): Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Shawara nake nema. Akwai wata cibiya nan arewacin Jidda da ke yin aji na jarirai, daga wata shida zuwa shekara uku. Uwa ce ke zuwa da ɗanta, a zauna a da'ira a ƙasa, malama tana rera waƙa, ana tafi, ana jijjiga yaran, a ba su 'yan ganguna da kacau-kacau su yi ta bugawa. Sau ɗaya a mako. Maƙwabciyata 'yar Masar tana kai nata, kullum yabon abin take, wai yana buɗe ƙwaƙwalwar yaro kuma yana sa saurin magana. Hanan watanta bakwai. Kuɗin wata ɗaya ya kusa abin da muke kashewa a madara da famfas. Babanta ya ce in tambayi waɗanda suka sani kafin mu saka kuɗi. Don Allah wa ya san gaskiyar abin nan?

Baban Walid (Riyad): Wa alaikumus salam. Ƙanwata, riƙe kuɗinki. Yarinyar da ko zama ba ta gama iyawa ba, wane kiɗa za ta koya? Mu nan da muke biyan haya da kuɗin iƙama na kowane kai a gida, ba mu ne za a zo a sayar wa tafi ba. A Damagaram aka haife ni, ba wanda ya kai ni aji, ga ni ina magana da harshe uku.

Maman Sadiq (Ɗa'if): Ni ma dai haka na gani. In waƙa ce, ga YouTube nan kyauta. Nawa ina kunna masa in ajiye jawwal, wato wayar hannu, a gabansa, in yi girkina cikin kwanciyar hankali.

Goggo Asabe (Makka, Shara Mansur): Jikata ce ke rubuta mini. Kai Baban Walid, ɗana, ka ce ba wanda ya kai ka aji. Ai a cikin ajin aka haife ka, ba ka sani ba ne. Kana bayan uwarka tana daka, ita da abokiyar zamanta suna lugude, duk bugun taɓarya yana ratsa jikinka. Da la'asar yayyenka mata na gaɗa a tsakar gida, kana hannun wannan kana hannun waccan. Kakarka ta ɗora ka a cinya ta yi maka tawai tana kiran sunan kakanninka ɗaya bayan ɗaya. In ka fara tsayuwa a riƙe maka hannu ana tatata. Wannan duka da me ake yi in ba da waƙa ba? Ko mu da muka zo ƙasar nan da daɗewa mun tarar da haka a hara, wato unguwa, ƙofa a buɗe, yaro na kowa. Yanzu ku faɗa mini, yarinyar nan da ke shiƙƙa, wato gidan bene, hawa na uku, ƙofa a kulle, na'urar sanyaya ɗaki na ƙara, miji na wurin aiki tun safe, wa zai yi wa ɗanta tawai?

Baban Walid (Riyad): Goggo, na ji, kuma gaskiya ce. Amma ai kin ƙarfafa maganata. Abin da aka yi mana kyauta, don me za a biya riyal a kansa?

Dakta Rabi (Madina): Salam. Aikina yara ne, bari in kawo abin da bincike ya nuna, kowa ya auna da kansa.

A 2012 masu bincike a Jami'ar McMaster da ke Kanada suka ɗauki jarirai 'yan wata shida tare da iyayensu, suka raba su gida biyu, kowane rukuni na zuwa aji mako-mako har wata shida. Rukunin farko iyaye ne da kansu ke rera waƙoƙin reno, suna motsa jikin yaran, ana buga 'yan kayan kiɗa tare, kuma a koma gida a ci gaba da waƙoƙin. Rukuni na biyu wasa suke da littattafai da tubalan roba, kiɗa yana tashi daga na'ura a gefe. Da yaran suka cika shekara, na rukunin farko sun fi yin nuni da yatsa da ɗaga hannu na bankwana, wato alamomin da ke zuwa kafin magana. Sun fi murmushi, sun fi sauƙin rarrashi, ba sa saurin firgita da baƙon abu. Ku lura, duka rukunonin sun ji kiɗa. Abin da ya raba su shi ne wa ke yin waƙar, kuma da wa ake yi.

A 2016 kuma, a Jami'ar Washington da ke Siyatil, Patricia Kuhl da Christina Zhao suka gwada jarirai 39 'yan wata tara. Zama 12, kowane minti 15, cikin wata guda. Rabi iyayensu na taimaka musu bin bugun kiɗa da hannu da ƙafa, rabi suna wasa da motoci da tubali ba kiɗa. Da aka auna ƙwaƙwalwarsu da na'ura, 'yan rukunin kiɗa sun fi saurin gane inda tsarin sauti ya karye, a cikin kiɗa da kuma a cikin maganar wani harshe da ba su taɓa ji ba. Dalilin a fili yake: magana ma bugu gare ta, da tsawo da gajarta, yaro kuma sai ya iya yanka ta gaɓa-gaɓa kafin ya ciro kalma daga ciki.

Saboda haka ba zan ce ƙarya maƙwabciyarki take ba, Maman Hanan. Amma yaran da aka gwada ba su da yawa, kuma ba wanda ya bi su har makaranta ya ce sun fi sa'o'insu ƙoƙari.

Injiniya Musa (Zahran): Dakta, ki yi haƙuri in shigo. Ni abin da ke sa ni ɗari-ɗari da irin wannan shi ne mun taɓa ganin irinsa. A 1993 aka yi wani ɗan gwaji a Kalifoniya da ɗaliban jami'a 36, ba jarirai ba. Suka saurari kiɗan Mozart na minti goma, suka ɗan fi kyau a wata jarrabawar siffofi, bayan kamar kwata na awa abin ya gushe. Daga nan kasuwa ta buɗe. A 1998 har gwamnan jihar Jojiya ya sa a riƙa ba kowane jariri faifan kiɗa. Kamfanin Disney ya sayar da faya-fayan bidiyo na jarirai iya sayarwa, a 2009 ya koma yana mayar wa iyaye kuɗinsu. To me zai hana wannan ajin ya zama tsohon ciniki da sabuwar riga?

Dakta Rabi (Madina): Injiniya, ba mu saɓa ba, har ma in ƙara maka. A 2013 a Harvard an gwada yara 'yan shekara huɗu, wasu ajin kiɗa na mako shida, wasu ajin zane, wasu ba komai. Da aka haɗa sakamakon, ba a ga wani fifiko a lissafi ko yawan kalmomi ba. Duk cibiyar da ta rubuta a tallarta cewa ɗanki zai fi kowa basira, ta faɗi abin da ba ta da hujjarsa.

Amma abin da ka kawo shi ne sauraron na'ura. Abin da na kawo shi ne uwa da ɗa suna yi tare. Abu biyu ne daban, kuma an gwada bambancinsu kai tsaye. A Harvard ɗin dai, a 2016, aka koya wa jarirai 'yan wata biyar wata sabuwar waƙa. Wasu iyayensu ke rera musu, wasu daga cikin abin wasa take fitowa. Dukansu sun haddace ta. Amma da aka kawo baƙi biyu, ɗaya ya rera wannan waƙa ɗaya ya rera wata, waɗanda suka koya daga bakin iyayensu ne kaɗai suka fi zuba wa mai waƙarsu ido. A wurin jariri waƙar da uwa ta rera alama ce ta "wannan namu ne". Wadda ta fito daga roba sauti ne kawai.

Maman Sadiq (Ɗa'if): Dakta, kenan jawwal ɗin da nake ajiye masa ba ya ƙaruwa da komai? Wallahi yana natsuwa sosai, ko motsi ba ya yi.

Dakta Rabi (Madina): 'Yar'uwa, wannan rashin motsin shi ne abin da ba na so. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorar da ta fitar a 2019 ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara biyu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Kuhl ɗin nan da na ambata ta yi wani gwaji tun 2003: jariran Amurka 'yan wata tara, aka sa masu jin Sinanci suna wasa da su zama 12. Suka iya bambance sautukan Sinanci kamar yaran da aka haifa a Taiwan. Wasu kuma aka nuna musu mutanen nan dai a talabijin, suna faɗin abu iri ɗaya. Ba su koyi komai ba, daidai suke da waɗanda ba su taɓa jin harshen ba.

Na san girki dole ne. Goya shi, ko ki ajiye shi inda yake ganinki nesa da wuta, ki riƙa yi masa waƙa kina yanka albasa. Ko da layi biyu ne kike maimaitawa.

Maman Sadiq (Ɗa'if): Muryata fa ba daɗi.

Goggo Asabe (Makka, Shara Mansur): Wa ya ce miki zabiya ake nema? Tun yana ciki muryarki yake ji. Ba shi da wadda ta fi ta.

Dakta Rabi (Madina): Goggo ta faɗi daidai. A watanni uku na ƙarshen ciki kunnen ɗan tayi yana aiki, kuma tun 1980 aka nuna cewa jariri ɗan kwana biyu ko uku yana fifita muryar uwarsa a kan ta wata mace. A Montireyal kuma an gwada tsawon lokacin da jariri zai zauna shiru kafin ya fara fuskar kuka: da magana kamar minti huɗu, da waƙa kusan minti tara, alhali waƙar ma da Turkanci take, ba harshen gidansu ba.

Malam Habu (Jami'ar Musulunci, Madina): Assalamu alaikum. Na ga ana ta maganar amfani, ba a taɓo hukunci ba, mu kuwa Musulmi ne kuma a ƙasar Harami muke zaune. Bari in rarrabe, don kada a haɗa komai a kwando ɗaya.

Uwa ko uba su rera wa yaro da murya, da kalmomi masu tsabta, su yi masa rawa a hannu, wannan ba abin da ke hana shi. Larabawa tun da suna da baitocin da suke yi wa yara suna ɗaga su. A cikin Bukhari, Sayyidina Abubakar ya ɗauki Hasan a kafaɗa yana faɗin cewa ya yi kama da Annabi, bai yi kama da Ali ba, Sayyidina Ali na dariya. Duffu kuma, wato irin mandiri, ya tabbata ga mata a biki da Idi, ga hadisin 'yan mata biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha, Annabi (SAW) ya ce wa Abubakar ya ƙyale su.

Sauran kayan kiɗa, masu tsirkiya da na busa, a nan maganar take. Akwai hadisin ma'azif, wato kayan kiɗa, a Bukhari, mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan hani, Risala da muka karanta a gida ma haka ta ce. Ibn Hazm da wasu sun saɓa, sun halatta. Ni ina tare da mafi rinjaye. Shawarata ga Maman Hanan: ta tambaya me ake kaɗawa a ajin, kuma me waƙoƙin ke cewa.

Ummu Faisal (Makka, malamar rawda, wato makarantar ƙananan yara): Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni haifaffiyar nan ce, kakana ne ya zo da ƙafa ta Sudan. Ina so in faɗa wa iyaye cewa ko ba ku kai yaro cibiya ba, zai tarar da abin a makaranta. An kafa Ma'aikatar Al'adu a 2018, Hukumar Kiɗa a 2020, an buɗe cibiyoyin koyon kiɗa na gwamnati a Riyad da Jidda da Khubar, kuma an horar da dubban malaman rawda mata a kan koyar da kiɗa ga ƙananan yara. Ƙasar ba yadda muka taso muka same ta take ba.

Malam Habu (Jami'ar Musulunci, Madina): Malama, na san da haka. Amma shigar abu manhaja ba shi ne ke mayar da shi hujja ba. Kowane maigida shi za a tambaya kan iyalinsa.

Ummu Faisal (Makka, malamar rawda): Ban ce hujja ba ne, Malam, labari na bayar. Abin da nake gani da idona a aji shi ne wannan: yaron da aka saba yi masa waƙa da tafi a gida, ranar farko ma ana gane shi. Ya san jiran layinsa, in aka ce a tsaya ya tsaya, in aka ce a ci gaba ya ci gaba, yana kallon fuskar mai magana. Wanda ya taso da allo kuwa sai mun sha wahala kafin ya ɗago kai in an kira sunansa. Kuma mafi yawan abin da muke yi da 'yan shekara uku murya ce da tafi da duffu, abin da kai ma ka ce ba laifi. Har waƙar rarrashin da matan Hijaz ke yi, mai ambaton ginin Ka'aba da ruwan Zamzam, muna yi da su.

Dakta Rabi (Madina): Ina ganin a nan babu rigima sosai. Duk amfanin da na lissafa, ban ga wanda ya rataya a kan fiyano ko jita ba. Murya, bugu, motsa jiki, kallon ido, maimaitawa. Wanda ya bi fatawar Malam Habu bai rasa komai ba. Akwai ma wani gwaji na McMaster a 2014 da nake so ƙwarai: 'yan wata 14, ana jijjiga su a jikin wani, baƙuwa a gabansu ita ma tana jijjiga. In motsinta ya zo daidai da nasu, daga baya da ta yar da abu kamar bisa kuskure sun fi miƙo mata shi. In motsin ya saɓa, ba su cika damuwa da ita ba. Motsi tare yana sa yaro ya ɗauki mutum nasa. Tawai ɗin Goggo kenan.

Maman 'Yan Biyu (Dammam): Ina ta karantawa ban yi niyyar magana ba, amma Baban Walid, don Allah ka daina cewa kyauta ne. Kyauta ne ga wadda take da mutane. Ni na haihu a nan, biza ba ta fito wa mahaifiyata ba, ba wankan jego, ba mai karɓar mini ɗaya in shayar da ɗaya. Akwai lokacin da suna kuka ina kuka, bakina ko sallama ba ya son yi, balle waƙa. Likita ta ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, ta ɗora ni a kan magani, ta ce kuma in nemi inda mata ke taruwa. Irin wannan ajin na samu. Turanci ake yi, rabin waƙoƙin ban gane su ba. Amma na fita daga ɗaki, na ga wasu matan da idonsu ya yi irin nawa, na dawo gida bakina ya buɗe. A can na tuna cewa ni ma ina da waƙoƙin da innata ke yi mana. Ni dai kuɗina bai tafi a banza ba.

Goggo Asabe (Makka, Shara Mansur): Allah sarki 'yata. Allah ya raya miki su, ya sa ki ci moriyarsu. Da kusa kike da na zo da kaina.

Baban Walid (Riyad): Amin. Maman 'Yan Biyu, ki gafarce ni, ba da irinki nake ba. Allah ya ƙara lafiya.

Dakta Rabi (Madina): Na gode da kika faɗa, don da yawa suna ciki ba sa iya buɗe baki. Abin da ya same ki an yi nazarinsa. A 2018 a Landan, mata 134 masu alamun wannan ciwo aka raba: wasu ajin waƙa tare da jariransu na mako goma, wasu ajin wasa, wasu kulawar da aka saba. A cikin waɗanda ciwonsu ya yi nauyi, 'yan ajin waƙa sun fi saurin samun sauƙi. Ba ya maye gurbin ganin likita, amma taimako ne na gaske. Kuma uwar da ta samu sauƙi ita ce ke iya kallon ɗanta ta amsa masa gwarancinsa. Shi ya sa in ana lissafin amfanin ajin nan, ni uwa nake fara sawa kafin jariri.

Injiniya Musa (Zahran): To na yarda da wannan ɓangaren. Amma ga abin da ya fi damuna, kuma Maman 'Yan Biyu ta taɓo shi: da wane harshe? 'Ya'yanmu Larabci a titi, Turanci a makaranta, Hausa sai in za a yi musu faɗa. Yanzu kuma tun suna wata bakwai za mu kai su a cika musu kunne da waƙoƙin Ingila. Ku je ku ga jikokin Hausawan da suka daɗe a Jarwal da Hindawiyya, sunan Hausawi na nan a katinsu, amma da yawa gaisuwa kaɗai ta rage musu.

Ummu Faisal (Makka, malamar rawda): Injiniya, wannan magana ta taɓa ni, don gidanmu kake faɗa. Ni na tsira da Hausa saboda kakata ce ta rene ni. Ƙannena da suka zo bayan rasuwarta ba sa iya haɗa jimla. Kuma abin da ya zauna mini daram ba hira ba ce, waƙoƙinta ne, da yadda take hawa da sauka da murya. Hausa harshe ne mai karin sauti, shi ya sa kalangu ke iya magana a gane. Wanda bai sha wannan karin a kunne tun yana ƙarami ba, ko ya koyi kalmomin daga baya, ana ji an san daga waje ya shigo.

Dakta Rabi (Madina): Shekarar farko tana da nauyi a nan. A 2005 Erin Hannon da Sandra Trehub suka gwada jariran Arewacin Amurka da kiɗan ƙasashen Balkan, mai bugu mai sarƙaƙiya. 'Yan wata shida suna gane in an ɓata bugun, manya ba sa ganewa. 'Yan wata 12 sun riga sun fara zama kamar manya, kunnensu ya rufe a kan abin da suka saba ji. Amma da aka sa su sauraro a gida mako biyu, sai suka dawo suna ganewa, manya kuwa bai yi musu aiki haka ba. Hanan tana tsakiyar wannan lokacin yanzu. Abin da ta fi ji a watannin nan, shi kunnenta zai ɗauka a matsayin na gida.

Maman Hanan (Jidda): Na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma gaskiya ni a Kano cikin birni na taso, gidanmu injin niƙa ake kaiwa, ban san waƙar daka ko ta daɓe ba. Ta reno ɗaya tak na sani, ita ma rabi. In na je ajin aƙalla za a koya mini wani abu.

Goggo Asabe (Makka, Shara Mansur): To ba ga inda matsalar take ba. Ba yarinyar ce ke buƙatar malama ba, ke ce. Ni ina da su fal, na Katsina da na uwar mijina 'yar Sakkwato, har da waƙoƙin wa'azi na ajami da mata ke rerawa tun zamanin Nana Asma'u. Ba wanda ya taɓa tambayata. Makka da Jidda nawa take? Ku taru ku zo.

Baban Walid (Riyad): Wannan ita ce magana. Ni har yanzu ban ga dalilin biyan baƙo ba alhali ga su Goggo a raye.

Maman 'Yan Biyu (Dammam): Daga Dammam fa, Baban Walid? Ƙasar nan faɗi gare ta. Ba kowa ke da Goggo a kusa ba. Wadda ta samu hali, kuma ajin ya yi mata, a bar ta ta je ba tare da an sa ta jin ta yi almubazzaranci ba.

Dakta Rabi (Madina): Ga wadda za ta je, ta nemi a bar ta ta zauna zama ɗaya ta gani kafin ta biya na wata. Ki duba: malamar da bakinta take rerawa ko lasifika take kunnawa? Iyaye na yi ko suna gefe suna ɗaukar bidiyo? Ana maimaita waƙoƙin mako bayan mako har ki iya su, ko kullum sabo? In akwai babban allo a bango ana nuna zane mai motsi, ki ɗauki 'yarki ki fito. Sannan ƙara. In sai kin ɗaga murya kafin ta kusa da ke ta ji ki, ya yi wa kunnen jariri yawa.

Wannan na ƙarshen ina roƙon a kai shi har gidajen bikinmu. Ina ganin jarirai a goye a gaban manyan lasifikoki a istiraha, wato zauren biki, har ƙarfe biyun dare. Jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Kuma duk wadda ta lura ɗanta ya kai wata shida ba ya waiwayar sauti, ko ya daina gwarancin da ya fara, kada ta jira, ta kai shi a sake gwada jinsa ko da an gwada ranar haihuwa.

Malam Habu (Jami'ar Musulunci, Madina): In ƙara abu ɗaya ga iyaye maza, don na ga mun bar wa mata maganar. Mu ma muna da baki. In ka dawo daga Asuba, ɗora ɗanka a ƙirji ka yi karatunka da murya yana ji, maimakon ka kunna masa ƙari'i a jawwal ka fita. Ba na haɗa Alƙur'ani da waƙa, Allah ya tsare. Ina nufin yaro ya san muryar ubansa da abu mai kyau, ba sai ranar tsawa ba.

Injiniya Musa (Zahran): Goggo, tunda wasunmu na nesa, me zai hana jikarki ta ɗauki muryarki ta turo nan? Sai iyaye su koya, su rera da bakinsu. Ba yaran za a kunna wa ba.

Goggo Asabe (Makka, Shara Mansur): Ɗana, muryata ba za ta yi yawo a wayar maza ba. Amma in matan suka buɗe nasu zauren su kaɗai, zan yi musu, da sharaɗin kada a fitar. Waɗanda ke kusa kuma gara su zo, don akwai yadda ake riƙe yaron da yadda ake sake shi a ƙarshen baiti, wannan ba ya shiga waya. Kowacce ta zo da ƙwarya ko roba da ludayi.

Ummu Faisal (Makka, malamar rawda): Ni zan buɗe zauren matan yau da dare, zan kuma rubuta kalmomin da boko da ajami don waɗanda aka haifa a nan ba su iya karatun boko na Hausa ba. Maman 'Yan Biyu, ke zan fara sawa. Masu so su yi mini magana ta gefe.

Maman Sadiq (Ɗa'if): A sa da ni. Wace rana za a je wurin Goggo? In Alhamis ce sai in biyo maigida, yana saukowa Makka da kaya.

Goggo Asabe (Makka, Shara Mansur): Jikarta ce. Ta ce Alhamis bayan La'asar ya yi, amma ban da makon nan, tana da ganin likitan ido. Falon ba zai ɗauki fiye da mata shida da yaransu ba, sai a riƙa yin karɓa-karɓa. Masu zuwa daga Jidda su faɗa wa Anti Ummu Faisal tun Talata, don a san adadi.